Yaƙina da Kwarkwata

Shekarar da kwarkwata ta addabi ɗiyana mata, ni na karɓi yaƙin. Na sa aka tsefe kitso, aka shafa magani, aka tafasa zannuwa, amma ta dawo. Sai na yanke hukunci cewa yaran maƙwabta ke kawo ta, na hana su shiga gidana.

Ina zaune gaban wanzami a kasuwar Malanville, ina koya wa abokaina dabarun tsabta, ya cire mini hula, ya duba kaina.

"Alhaji," ya ce, "ai nan garken yake kwana."

Yanzu ɗiyan nawa duk sun yi aure, gida ya yi tsit. Amma har yau in babbar ta kira daga Gaya, bayan gaisuwa sai ta ce, "Baba, ya kiwo?"