Bayan Karagar Dadu

Matso kusa ka zauna, ka ji yadda Jhumur ta kusa kunyata kakanta, wanda take kira Dadu.

Shekara arba'in tsoho Haripada yana fitowa a sarki a jatra, wasan kwaikwayon gargajiya na ƙauyensu. Bara yana tsakiyar tsawa kujera ta karye da shi, gari ya yi wata guda yana dariya. Bana jikarsa Jhumur, wadda ta koyo kafinta a gidan wasa a birnin Kolkata, ta rantse ita za ta haɗa masa karaga. Ana gobe wasa, da hantsi, ya leƙo rumfarta.

"Amaryata, kin tashi lafiya? Ina itacen girkin da kika harhaɗa mini?"

"Lafiya lau, angon da haƙora suka gudu suka bari. Ga ta nan. Katakon mangwaro ne, Dadu, kowace ƙafa da ƙarfenta. Ko bauna ta zauna ba za ta motsa ba."

"Baunar ta fi ni nauyi ne?"

"Ina fa! Ita ba ta cinye curin alewar rasgulla ashirin kafin wasa."

Ya tattare dhotinsa, zanen da ya ɗaura a ƙugu, ya haye, ya yi tsalle uku yana tsawar sarakai. Ko ƙis. Jhumur ta fara hura hanci. Sai ya sauko ya zagaya baya, ya dafe kai.

"Wayyo ni! Ƙusoshi tsirara, ga allon akwatin shayi, har da rubutunsa!"

"Baya ne fa. Bango za a jingina ta."

"Wane bango? Nan Kolkata ce? Dandalinmu fili ne, 'yan kallo ta kowane gefe. Kuma ta bayan nan mata ke zama! Bara na sha ƙasa, bana in zama sarkin ganyen shayi?"

Ta manta da wannan sarai, ga shi fenti ba zai bushe kafin gobe ba. Amma bakinta bai mutu ba.

"Shekara arba'in matan nan suna kallon sanƙon ƙeyarka, ba wadda ta tashi ta tafi. Akwatin shayi ne zai kore su?"

Dariya ta sarƙe shi har da tari. Ya kwance ƙunshin da ya zo da shi, ya zaro jar alkyabbar da ya fara sarauta da ita, wadda ko matarsa bai taɓa bari ta wanke ba.

"Ungo, rufe bayan karagar da ita. Ƙusa huɗu kawai, kin ji ko?"

Ta buga goma sha biyu.

To kai da ka ji, a cikinsu wa ya rufa wa wani asiri?