Agogon da Ke Cikin Kwamfutar Ticha

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina, da Asabar ɗin da na tsaya gaban mutanen layinmu a Kafanchan da fankar kwamfuta a aljihuna. Jikokina sun sha jin labarin a bakin wasu, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa. Shi ya sa na ga gara in faɗa da kaina, tunda ni ne mai kayan kunyar.

Ni mai gyaran agogo ne. A aji huɗu na firamare na yi sallama da boko, amma ina karanta lamba, ina kuma sa hannu da biro (wannan a wurina digiri ne, kada wanda ya yi dariya). Shekara ashirin da wani abu ina zaune da ɗan akwatina na gilashi a hanyar tashar jirgin ƙasa. Ma'aikatan jirgi da malaman makaranta da fastoci da alhazai, duk wanda agogonsa ya yi gardama wurina yake zuwa. Su ne suka sa mini suna Injiniya, ni kuma ban taɓa musawa ba.

To, a ƙarshen shekarun casa'in abubuwa sun canja. Agogon roba mai lamba ya cika kasuwa, in ya mutu a jefar a sayi wani. Sai in wuni ban buɗe bayan agogo ko ɗaya ba. Ana dai gaishe ni da Injiniya, amma na fara jin sunan kamar rigar da ta yi mini yawa. Ku riƙe wannan, domin shi ne tushen duk wautar da ta biyo baya.

A lokacin ne maƙwabcina Ticha Bitrus, mutumin Fadan Kaje da ya yi ritaya daga koyarwa, ya kwashe kuɗin sallamarsa kaf ya sayo kwamfutar gwanjo daga Kaduna. Tsohuwa ce, farinta har ya koma ruwan ƙwai. Ya buɗe shago kusa da ni, 'yarsa Rifkatu, wadda ta yi kwas ɗin kwamfuta, tana buga wa mutane wasiƙu da katin aure da tsarin sujadar coci. Da wannan injin gidansu yake ci. Ticha da kansa yakan shafa kwamfutar ya ce, "Injiniya, wannan abu shi ne gonana yanzu."

Amma gonar tana da wani ɗan lambu a ciki. Wanda ya sayar da ita ya bar wani wasan tseren mota, na mutum biyu, ɗaya ya riƙe maɓallan dama ɗaya na hagu. In rana ta take, kasuwa ta yi sanyi, sai mu tsofaffi biyu mu ja benci mu zauna. (Na ce da iyalina koyon ilimin zamani nake yi.) Kullum Ticha ne ke cinye ni. Matsalar kuwa, in an zo kwana sai motocin su riƙa tsayawa suna fizga, kamar akuyar da aka ɗaure da gajeriyar igiya. Kafin hoton ya dawo daidai, tawa motar ta rungumi bishiya. Na rantse laifin injin ne. Jauro, wani Bafulatani dillalin shanu da ke zuwa shan inuwa wurinmu, ya ce, "Kaɗo, ai tare take fizgar ku. Me ya sa bishiyar kai kaɗai ta sani?"

Wata rana Rifkatu ta ji ina ƙorafi, sai ta ce, "Baba, ƙwaƙwalwarta ce ta tsufa. Akwai wani agogo a ciki da ke buga mata kiɗa, kamar makaɗin noma, duk bugu ɗaya ta yi aiki ɗaya. A Kaduna na ga masu ƙara masa sauri, obakulok suke cewa. Amma sai wanda ya sani, domin..."

Ban ji abin da ya biyo bayan "domin" ba. Kalma ɗaya ce ta shige ni: agogo. Wallahi sai na ji kamar an kira sunana a cikin taro. Ashe wannan injin da ya zo daga ƙasar Turawa, wanda kowa ke leƙe ta taga yana mamaki, shi ma da agogo yake rayuwa? Ashe har yanzu duniya tana bukatata? Yanzu da nake tunani, ba cin Ticha a tsere ne ya dame ni ba. So nake a sake kawo mini abu a ce, "Injiniya, duba mana."

Ran Asabar Rifkatu ta tafi Fadan Kaje gaida kakarta. Na ɗauko sukudireba da hantsaki da gilashina na ido ɗaya, na shiga shagon.

Ticha ya ce, "Mu jira yarinya ya dawo mana."

Na ce, "Ticha, kai da ka koyar da lissafi, faɗa mini. Wa ya fi sanin agogo, wanda ya yi kwas na wata shida ko wanda ya yi shekara ashirin yana buɗe cikinsa?"

Sai ya matsa ya ba ni wuri. Mutumin kirki ne, kuma ya yarda da ni. Wannan ne ya fi ci mini rai har gobe.

Da na buɗe, me zan gani? Batiri zagayayye, irin wanda nake sa wa agogon hannu, sai dai ya ɗan fi faɗi. Na ɗaga shi sama na ce, "Ka gani? Gidanmu ɗaya da ita." Na goge shi na ajiye gefe. Sannan na shiga neman ɗan harshen nan da kowane agogo yake da shi, wanda in ka tura gefe ɗaya ya yi sauri, in ka tura ɗaya gefen ya yi nawa. Ban same shi ba, amma na ga an rubuta lambobi ƙanana a jikin wani allo da ke cikinta, sittin, sittin da shida, saba'in da biyar, da zanen inda za a sa wasu 'yan huluna baƙaƙe da ba su kai ƙwayar masara ba. Lamba kuwa na ce muku ina karantawa. Na sa hantsaki na mayar da hulunan wurin babbar lambar. (Daga baya aka tabbatar mini a nan ban yi kuskure ba. Ina so a rubuta wannan a tarihi.)

Da na tsaya nan, da yau labarin jarumta nake ba ku. Amma sai mai gyaran agogon da ke cikina ya farka. A sana'armu babban abokin gaba shi ne ƙura. Agogo ba ya son iska, rufe shi ake yi ruf. Sai ga shi na ga wata 'yar fanka zaune a kan ƙwaƙwalwar, tana jawo ƙurar motocin citta da ke wucewa a titi. Na ce wane jahili ne ya yi wannan? Na kwance ta na sa a aljihu. A ƙarƙashin ƙarfen da take kai na tarar da wani farin abu mai danƙo. Na ce dattin shekaru ne, na goge shi tas da fetur. Na mayar da batiri, na rufe akwatin, na bi duk ramukan da ke jikinsa na liƙe da salatif. A watan Maris. A Kafanchan.

Muka kunna. Jama'a, motocin nan suka tashi kamar an kore su! Babu fizga, babu tsayawa. Ticha ya kama baki. Ni kuwa sai na fita ƙofar shago na yi abin da bai kamata ba: na kira mutane. Teloli suka bar kekunansu, mai shayi ya zo da ludayi a hannu, Jauro ya matso da malafarsa. Na yi musu ɗan jawabi kan yadda Bature ya ƙera abu amma bai san tsafta ba. Na zauna, muka fara, kuma karo na farko a rayuwata na wuce Ticha a kwana.

Ina gab da layin ƙarshe sai hoton ya daskare. Motata ta tsaya cak, hancinta a bakin layin.

Na ce, "Hutawa take yi. Ba ta saba da gudu ba."

Jauro ya shaƙi iska ya ce, "Wa ke gasa masara a nan?"

Gilashin kwamfutar ya yi baƙi. Na danna maɓallin kunnawa, na sake dannawa, shiru. Na taɓa akwatin, na janye hannu da sauri. Babu wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Ticha bai zage ni ba, bai ma kalle ni ba. Ya zauna a benci, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya ce a hankali, "Idan ya mutu, ban san abin da zan gaya wa maman yara ba." A nan ne na tuna cewa ba abin wasa na buɗe ba, gonar mutum ce.

Ana cikin haka Rifkatu ta sauko daga mota da ƙullin doya. Ta ga taro, ta ga salatif, ta zare wayar wuta, ta buɗe akwatin. Ta daɗe tana kallon ciki. Sannan ta juyo, cikin ladabi, a gaban kowa, ta ce, "Baba, ina fanka?"

Na yi tunanin in ce ban gan ta ba. Amma wayarta ja da baƙa tana leƙowa daga aljihuna. Na zaro ta na miƙa da hannu biyu, kamar mai ba da goron gaisuwa. Na ce, "Ƙura take jawowa."

Ta ce, "Baba, in ka ce makaɗi ya ƙara sauri, manomi zufa zai ƙara yi. Kai kuma ka ƙara kiɗan, ka ƙwace masa ruwa, ka kulle shi a ɗaki."

To, a nan ne dariyar ta fashe. Jauro har da zama a ƙasa. Ya miƙo mini malafarsa ya ce, "Ungo, Injiniya. Tunda ka kori fanka, sai ka kama aikinta." Kuma na karɓa. Kusan awa guda ina tsaye ina yi wa kwamfuta fifita, gemu na ɗigar da gumi, ina karanto duk addu'ar da na sani. Ticha ma na ga leɓensa na motsi da tasa. Rifkatu ta je wurin mai gyaran rediyo ta samo irin farin man da na goge, ta shafa, ta ɗaura fanka, ta mayar da hulunan inda Bature ya bar su.

Ta danna. Aka ji ɗan ƙara, ɗit. Rubutu ya fito. Ticha ya sauke numfashin da na ji har cikin ƙirjina.

Saura abu ɗaya. Saboda batirin da na cire, injin ya manta ranar da ake ciki, ya koma shekaru masu yawa baya. Ni da na zo tura shi gaba, baya na mayar da shi. Rifkatu ta ɗora yatsu a kan maɓallai, ba ta ɗaga kai ta dubi agogon bango da ke gabanta ba, ta ce, "Baba Injiniya, ƙarfe nawa yanzu daidai? Naka ne ba ya ƙarya."

Na dubi hannuna. Na ce, "Huɗu da minti goma sha bakwai." Ta buga. Duk aikin da injin nan yake bukata daga gare ni ke nan tun farko, kuma yarinyar ta san abin da ta yi da ta tambaye ni.

Daga ranar sunana ya koma Baba Fanka, har a katin auren Rifkatu haka Jauro ya so a rubuta. Mun ci gaba da tserenmu da Ticha, motoci na fizga, ina rungumar bishiyata cikin mutunci. Abin da na koya kuwa bai da yawa: in yaro ya fara yi maka bayani ya kai wurin "domin", ka rufe baki ka ji ƙarshen maganar. Kuma duk abin da ka gani yana juyawa a cikin injin da ba naka ba, ka ƙyale shi ya juya.