Ladabin Da Ya Tsorata Kaka

"…da fatan an tashi lafiya, Kaka," in ji jikar, tana durƙushe a bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa.

Tsohon ya kashe rediyo. Yarinyar da ba ta taɓa gaishe shi ba sai da tsiya! Ya leƙo ta saman sabon tabaransa.

"Wa ya mutu?"

"Aikina ne ke gargara."

Jiya ne ya je shagon tabarau inda take aiki. Tana ganinsa ta manta a inda take, ta ce, "Ko gilashi goma ka ɗora, ba mai aurenka, tsoho mai ran ƙarfe." Manajar shagon baƙuwa ce, ba ta jin Hausa. Ta sa aka fassara mata, ta ga an ci mutuncin mai sayayya. Hukuncinta: ko dattijon ya dawo ya ce ya yafe, ko yarinya ta ajiye aiki.

"Ta ce wai ni *rude* ce."

"Mene ne kuma wannan? Ƙarin girma?"

"Marar kunya. Wanda ke yi wa mutane magana gatsal, ba ladabi."

"Allah Ya yi wa matar nan albarka! Wata nawa ta yi da ke, har ta gano abin da nake faɗa tun kina rarrafe?"

"Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A wurinka na gada."

"Ji ta! To a Turancin, me ake kiran wadda ta zagi kakanta da izininsa?"

"Babu kalmar."

"Ashe yaren bai gama nuna ba aka sauke shi."

Dariya ta taso mata, ta danne. Tsoro take ji da gaske, don da ƙyar ta samu aikin nan.

"Tashi mu je shagon, Kaka."

"Ƙafata na ciwo. Kuma zan gaya wa manajar har sandata kike ɓoyewa. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa."

Ta dube shi, ta ga yadda gemunsa ke rawa don jin daɗi. Sai ta gyara durƙuso, ta sunkuyar da kai.

"Shi ke nan, ranka ya daɗe. Daga yau na shiryu. Kullum zan zo in gaishe ka da ladabi, in tambayi jiki, in tashi in tafi. Ba tsiya, ba zolaya."

"Kullum?"

"Har abada, ranka ya daɗe."

Gemun tsohon ya daina rawa. Duk gidan, ita kaɗai ce ba ta lallaɓa shi kamar ƙwai.

"Ke, daina! Wallahi sai na ji kamar an fara zaman makokina." Ya fashe da dariya yana laluben hula. "Miƙo min sandata, fitsararriya."

"Ɗauko da kanka, tsohon banza. Ka san inda na ɓoye ta."

"Yawwa," in ji shi. "Yanzu na ji gaisuwa."