Ranar da Mota Mai Ido Ta Rina Mini Gona

Ba zan taɓa mantawa da daminar da aka cire tallafin mai ba. Ba don tsada ba (wannan kowa ya ɗanɗana), sai don a cikinta ne wani ƙarfe marar kara ya tona mini asiri a gaban rabin mutanen Durun.

Ni ne shugaban ƙungiyar manoman unguwarmu, kuma na yi boko har aji huɗu na firamare, wanda a zamaninmu ya fi digirin yanzu kauri. Gonata tana bakin hanyar Kabo. Daga titi ta hau tudu, daga tudun ta gangara baya, inda mai wucewa ba ya gani. Ku riƙe wannan, nan gizo ke saƙar.

Tsaftar gona ita ta ba ni kujerar nan. Liman da kansa ya taɓa buga misali da ni a wa'azi. Ni kuwa na samu lasisin tsokanar kowa. In na hango harƙiya a gonar mutum sai in ja burkin keke in tambaye shi ko kiwon ciyawa ya koma. Wanda ya fi shan bakina shi ne Tanko, taubashina.

To a daminar nan maganin feshi ya yi tashin gwauron zabi, 'yan ƙwadago suka koma kamar likitoci, bayana kuma ya ce ya yi ritaya. Sai na yi dabara irin ta masu ilimi: na nome gaban tudu tas, har da tsinta da hannu, na bar wa Allah bayan tudu. Kullum ina cewa gobe.

Ana nan sai malamin gona ya zo da wani injiniyan kamfani, suna neman gonar masarar da za a gwada sabuwar motar feshi mai kyamara. Ni dai kyamara na ji. Wanda duk ya taɓa shiga hoto ya san daga gaba ake ɗauka, ba a taɓa ɗaukar ƙeyar mutum ba. Kafin Tanko ya buɗe baki na ce a zo tawa.

Da na gaya wa mai ɗakina, sai ta dakata da tankaɗe.

"Malam, sun san da bayan tudu?"

"Ke, harkar kimiyya ce wannan, ba ta daka ba."

Ranar na saka babbar rigata ta Sallah. Jama'a ta cika, har 'yan Hisba sai da suka zo suka ware maza gefe, mata gefe. Ga tarakta da hannuwa biyu a buɗe kamar fikafikan shaho, kowane da jerin ƙananan idanu. Abin da ya fara damuna, idanun duk ƙasa suke kallo. Na gyara hula sau uku, ko ɗaya bai ɗago ba.

Injiniya ya yi bayani: "Wannan ba ta feshin kan mai uwa da wabi. Ido ya ga ciyawa, bakin da ke kusa ya tofa mata magani ya rufe. In ba ciyawa, ko ɗigo ba ya fita. Yau ruwa muka zuba da shuni don ku ga inda ta taɓa. A gona irin ta Baba, da tankinmu cike za mu koma."

Na matso kusa da shi. "Ɗana, iyakarta ina?"

"Har ƙarshen gona, Baba."

Na ja da baya, na yi murmushin manya.

Mota ta shiga. Tsit kake ji, sai can ba a rasa ba ta ce "fit", ta bar ɗigon shuɗi kamar kwabo. Liman ya ce masha Allah. Ni kuma, maimakon in yi shiru in kama istigfari, sai na juya na ce, "Tanko, ka gani ko? Har ƙarfe ya shaida."

Ta fara hawa tudu, jama'a na biye.

Na ce, "Injiniya, a tsaya haka mana. Kun san tsadar mai."

"Ba komai Baba, don shi muka zo."

Kun san ƙarar ruwan sama a rufin kwano? Ita muka ji da motar ta gangara bayan tudu. Bakunan nan duka suka buɗe lokaci guda, ba wanda ya sake rufewa. Muka iso kan tudu, sai ga ciyayi, su ƙiri-ƙiri da harƙiya da aya-aya, sun yi jam'i har gwiwa, motar tana bi tana shimfiɗa musu shuɗi kamar an baje turmin shadda. Ko ni mai gonar sai da na razana, don rabona da leƙawa an yi sati biyar.

Injiniya ya ruga ya tsayar da direba, a zatonsa wani abu ya lalace. Ya duba idanun, ya durƙusa, ya buɗa ciyawa da hannu biyu, can ƙasa ya tarar da masara ta yi rawaya kamar mai shawara. Ya miƙe a hankali.

"Mota lafiyarta ƙalau," in ji shi. "Tanki ne ya ƙare."

Sai Tanko ya yi gyaran murya.

"Taubashi, ashe marina ka buɗe ba ka faɗa ba? In kawo rawanina?"

Dariya ta fashe, ta mata ta fi ƙarfi. Na hango mai ɗakina ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Da gangan na bari," na ce, "don a gwada ƙarfin mota."

Tanko ya ce, "Allah Ya ƙara basira. Tun kafin a san za su zo?"

Liman bai yi dariya ba, shi ya fi zafi. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, riya ko a gona riya ce."

Na cire hula na ce na sauka daga shugabanci, a ba mai gona mai tsafta. Injiniya, bawan Allah, ya ce madalla, to gonar sabon shugaba za a shiga gobe, wane ne?

Ban taɓa ganin dattawa sun shagala da kallon takalmansu haka ba. Tanko ya ce tasa ruwa ya kwanta, mota za ta kafe. Wani ya ce tasu ta gado ce, sai alƙali ya raba. Malamin gona ma ya tuna yana da taro a Gwarzo.

Haka kujera ta dawo mini, don ba mai so. Ruwan sama biyu suka wanke shunin, amma sunan Mai Marina har jikokina sun gaje shi.

Yanzu daga bayan tudu nake fara noma in fito titi. In kuma aka ce ga kyamara, kafin in nemi hula sai na tambaya: fuska take kallo, ko ƙasa?