Rasuwar Mai Surutu, Rikodar Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har wuya, ni Ersin, a madadin iyalanmu na unguwar Mwalok a tsibirin Pohnpei da danginmu na tsibirin Pingelap, nake sanar da rasuwar rikodarmu, wadda muka fi sani da Mai Surutu. Ta cika ranar Asabar da la'asar, tana tsakiyar aiki.

Marigayiyar ta zo gidanmu ina saurayi, lokacin da labarin Pingelap ba ya iso mu sai jirgin ruwa ya ga dama. Kakata Merihda, wadda ta ƙi barin tsibirin har ta koma ga Mahaliccinta, takan cika kaset da magana ta ba matuƙan jirgi, Mai Surutu kuma ta isar mana ba ragi ba ƙari. Da bakinta na sha zagi a gaban baƙi:

"Ersin, na ji kaset ɗinka. Wa ya murɗe maka harshe? Kana magana kamar ɗan Pohnpei mai neman sarauta. Ka tofar da abin da ke bakinka ka sake gaishe ni."

Mai haƙuri ce, ba ta da ƙabilanci. Ta yi harshen Pingelap, ta yi na tsibirin Mwoakilloa saboda matata Elihna, ta yi na Pohnpei saboda maƙwabta, har na tsibirin Sapwuahfik ta taɓa yi da wani baƙo ya kwana. Kaka takan ce harsunan nan uwarsu ɗaya, kwale-kwale ɗaya ya kawo kakarsu, sai dai na Pohnpei ya samu ƙasa mai duwatsu ya fara yin kamar bai gane ƙannensa ba. Aibinta ɗaya, cin batir. Ba mu taɓa ganin ta ƙoshi ba.

Babban aikinta shi ne reno. Akwai waƙar da Kaka ta rera a kaset na ƙarshe, ta tafiyar kakanni a teku cikin kwale-kwale, da tsofaffin kalmomin da ko limamin cocinmu sai ya sosa kai. Duk yaron da aka haifa a gidan nan da ita ya yi barci. Kuma waƙar tana da ƙarfi, kafin a kai rabi yaro ya sheme, sai Elihna ta ce, "Kashe ta, batir ba a bakin teku ake tsintarsa ba." Haka muka reni 'ya'ya da jikoki a kan rabin waƙa.

Ciwon ajalinta gajere ne. Wani babban mai sarauta na Pohnpei ya zo bikin doya a rumfar taronmu, ya ce ya ji labarin waƙar, yana so ya ji ta har ƙarshe, ko kalmominta sun yi kama da na tsofaffinsu. Na sayi sabon batir. Mai Surutu tana kan kantarta ta kullum, can sama inda ruwa ba ya kaiwa. Sai Kawu Pelsin ya lura kantar ta fi kan mai sarauta tsawo.

"Kai, ɗan nan, tsohuwa za ta yi magana a saman kansa? Sauke ta ƙasa kafin a ce ba mu da tarbiyya."

Aka sauke ta, aka ajiye kusa da dutsen da ake dakan sakau, abin shan taro, inda ba a raba ƙasa da ruwa. Ta fara lafiya lau. Masu daka suka tsaya, muryar Kaka ta cika rumfar. Daidai wurin da muka saba kashewa, mai matsa sakau ya juya da ƙwaryar ruwa, ruwan ya zube a kanta. Abin da muka ji na ƙarshe daga bakinta shi ne "wiii, ƙurrr, ƙas." Da muka buɗe cikinta, ta tauna zaren kaset ɗin kamar taliya. Ta mutu da ladabi, kanta a ƙasa da na kowa.

Ta bar rabin waƙa, da batir sabo fil, da wayoyin hannu da yawa waɗanda ba ko ɗaya da ya san Kaka. Ta bar jikata Sihter, wadda ta ƙi barci tun ranar, tana ce mini, "Kaka, rera," ni kuwa in na kai tsakiya sai in koma farko. Ina jin zafin wannan fiye da yadda zan iya rubutawa.

Za a yi jana'iza ranar Laraba bayan cocin safe, a gindin bishiyar kwakwa ta bayan gida. Kawu Pelsin ne zai haƙa kabari, shi ya nema da kansa. Muna roƙon kada kowa ya wahala da kawo alade, ko doya, ko sakau. Amma duk tsohuwar da aka goya a Pingelap, ko a Mwoakilloa, ko ma ina ne, in ta san inda kwale-kwalen nan ya sauka a ƙarshen waƙar, ta zo ta rera mana. Za mu zaunar da ita a ƙasa yadda ya kamata, nesa da ruwa, kuma ko yara sun yi barci ba wanda zai ce ta tsaya.