Gaisuwar da na kasa tashi daga ita

Ba zan taɓa mantawa da bikin Terna a garin Agyaragu ba, ko da ciwon nan ya bar ni, balle har yau bai bar ni ba.

Bari in fara da abin da na ɓoye. Shekara biyu ina fama da gwaiwa. Ni kaɗai nake zaune a wani ɗaki a unguwar Akurba, aiki ya kawo ni garin Lafiya daga Zariya, ba mata, ba dangi. Kullum ta motsa sai in kwanta in danna ta da hannu ta koma. Saurayi ɗan shekara talatin da ɗaya, mai guga har a hula, ya buɗe baki ya ce gwaiwa gare shi? Haba.

Da ta ƙi komawa, dole aka yi min aiki. A ofis na ce zan je gida duba Hajiyarmu. A gida na ce aiki ya yi yawa. Kwana goma na yi kwance ina cin biredi da shayi, ina jin keke napep na wucewa ta bayan taga. Ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa, tunda ba wanda ya san ina ciki. Maganin rage zafi kuwa kwana biyu na sha na ajiye (wai ni namiji). Ranar da na koma ofis har ana tambayata ya jikin Hajiya, ina cewa da sauƙi.

Wata biyar bayan nan, ɗinki ya warke amma wurin na zugi kamar an ɗora garwashi. Likita ya ce yana faruwa, kuma ya fi samun wanda ya daɗe da zafi kafin aiki, da mai ƙarancin shekaru, da wanda ya bari zafin bayan aiki ya ci shi bai magance ba, da mai yawan damuwa. Yana lissafawa ina gyaɗa kai kamar ana kiran sunana a rajista. Ya ce in daina duk abin da ke tayar da shi.

Ana nan Terna, abokin aikina Batibi, ya gayyace mu bikinsa. Aka yi layi za a gaida mahaifinsa, tsohon manomin doya da ke zaune ƙarƙashin mangwaro, matarsa a gefe. Kowa hannu yake ba shi ya ɗan rusuna ya wuce. Ni kuwa sai na ga dama ta zo a nuna wa 'yan Tibi tarbiyyar Zazzau. Na cire takalmi, na tattara babbar riga, na tsuguna har ƙasa.

Wani abu ya soke ni daga mara har cinya. Na gama gaisuwa, na ce wa ƙafafuna mu tafi, suka ƙi.

Sai na sake gaisuwa. Ya gajiya, ya gona, ya ruwa. Tsoho ya ji daɗi, ya dafa kaina yana sa albarka. Na tambayi doya, na tambayi rogo. Gumi na tsiyaya. Ya kira 'ya'yansa ya ce da irin Hausarsa ta Batibi, “Ku zo ku ga yaro, tana da ladabi.” Layi ya taru a bayana, shugabar sashenmu na gaba-gaba.

Matarsa ce ta lura. Ta sunkuyo ta ce, “Ɗana, lafiya?”

Na raɗa mata cewa aikin gwaiwa aka yi min, na kasa tashi. Abin da ban sani ba, Baba ba ya ji sosai, kuma aikinta ne ta maimaita masa duk abin da aka faɗa. Ta kai baki kunnensa ta ɗaga murya yadda har masu tuƙa sakwara suka juyo: “Gwaiwa ne! An yanka shi!”

Na so ƙasa ta tsage. Maza biyu suka ɗaga ni kamar buhun gari suka ɗora a benci. Baba ko a jikinsa. Ya ce shi sau biyu aka yi masa, har ya fara kwance zani zai nuna min tabo, aka riƙe shi. Wasu manoma uku suka matso kowa na ba da labarin tasa. Ba wanda ya yi dariya. Wallahi da sun yi, da ya fi min sauƙi.

Sai tsohuwar ta ce, “To wa ya yi jinyarka?”

Na ce, “Ba kowa, Mama.”

Wannan kam ba ta maimaita wa Baba ba. Terna, da kayan ango a jikinsa, ya tsaya yana kallona. Ya ce, “Malam, gidana da naka tafiyar minti biyar ce a mashin.”

Da yamma na koma Akurba a keke napep, zaune a karkace, rungume da doya biyu da aka ba ni. Na buɗe ɗaki, shiru kamar kullum, na zauna bakin katifa na yi kukan da ban yi ba a asibiti.

Darasin da na koya? Kunyar da na shekara biyu ina gudu, minti biyar ta yi ta wuce, kuma har doya na samu. Kwana goman nan kuwa ba wanda ya ɗora min su, ni na kulle ƙofar da hannuna. Yanzu in mara ta motsa faɗa nake yi. Manya kuma daga tsaye nake gaishe su, a ce ba ni da tarbiyya.