Yadda Za Ka Koya Wa Baƙi Cin Cuku Alhali Kai Ba Ka Cinsa

Kai da ko warin cuku ba ka iya jurewa amma ka auro 'yar masu cuku, matso kusa. Eusebio mai gyaran famfo na ƙauyenmu ya gwada matakan nan, kuma in ka bi su, tabbas baƙi za su tafi suna yaba iliminka.

Tun da ya auri Casilda yake ɓoye wa danginta cewa cuku tayar masa da zuciya yake yi. Surukarsa, Doña Herminia, ita ke da shagon bakin dandali inda ake sauke matafiya su ɗanɗana cuku da giyar inabi. Ran nan mura ta shaƙe mata murya, Casilda ta tafi awon ciki, ga motar baƙi ta tsaya.

Mataki na ɗaya: Kada ka ce ba ka iya ba

Tsohuwar ta nuna masa teburin cukun da sandarta. Ya ce, "Mama, ni fa famfo na sani." Ta sake nunawa. Ya ɗaura zanen gaba. Kai ma ɗaura. Surukin da ya yi gardama sau biyu, a waje yake cin abincin Lahadi.

Mataki na biyu: Cika kofuna kafin ka buɗe baki

Farar giya, jar giya, zuba kawai. Baƙon da ya sha kofi biyu, ko tarihin bututun ruwa ka ba shi zai gyaɗa kai.

Mataki na uku: Yanka, ɗaga sama, yi ta surutu

Mai magana ba a sa ran ya tauna. Eusebio ya ɗaga yankin cukun tumaki wajen taga ya ce, "Jama'a, ku dubi launi. Tunkiyar nan ba ta taɓa shiga damuwa ba." Suka duba. Wani dogon Bajamushe ya tambaya wace giya ce ta dace da shi. Eusebio ya ce, "Kai me harshenka ya gaya maka?" Mutumin ya ce ja. "Ka ga! Ashe ɗan gida ne." Har aka tashi Bajamushen nan bai daina murmushi ba.

Mataki na huɗu: Yi hattara da tsofaffin mata

Sai aka zo kan shuɗin cukun da ake ajiyewa a kogon dutse, wanda warinsa ke riga shi shiga ɗaki. Wata tsohuwa daga Ajantina, Nélida, ta riƙe hannun Eusebio ta ce, "Ɗana, mahaifina ɗan kwarin nan ne. Har ya rasu yana zancen cukun nan bai sake cinsa ba. Ba na so in ci ni kaɗai. Mu ci tare."

Ya waiwaya. Doña Herminia na kujerarta ta zuba masa ido. Ya dubi ƙofa, Bajamushe ya tare ta.

Mataki na biyar: In babu mafita, haɗiye

Ya jefa a baki. Cikinsa ya murɗa, gumi ya keto masa, hawaye suka zubo shar. Nélida ta ga haka, ita ma ta fashe da kuka ta rungume shi. "Allah sarki, ka fahimta!" Baƙi suka yi ta tafi, suka saye shuɗin cukun nan kaf.

Mataki na shida: Kada ka raina wayon surukarka

Da mota ta tashi, ya kifa kai a bokiti. Doña Herminia ta tako a hankali ta tsaya kansa, ta ce cikin shaƙaƙƙiyar murya, "Tun ranar bikinku na sani, ɗan nan. Karena kake ɗura wa cukun a ƙarƙashin tebur, har ya kasa hawa matakala."

"Mama, ki yafe mini."

"Wace yafiya? Duk wanda na taɓa ɗauka aikin nan, rabin kayan a cikinsa yake ƙarewa. Kai ne amintaccen da nake nema. Daga yau kowace Asabar taka ce. Kuma kukan nan, ka riƙa yin sa."

Sanarwa: Mai wannan shawara ba ya ɗaukar alhakin murɗawar ciki, rungumar baƙi, ko aikin da za a maƙala maka har tsufa. Mai ƙorafi ya je shagon ranar Asabar ya samu Eusebio, amma ya bari sai ya share hawaye tukuna.